Yadda Na Je Kano Koyon Ɗaukar Mutum

Tun ranar da na dawo daga Kano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada, inda muke taruwa hira, kafin a zuba kofin fari, wani zai ce, "Habu, wai gaskiya ne roba kuka yi ta dannawa har sati biyu?" Wani kuma ya ce ya ji labarin suma na yi da na ga jini. Na ba da labarin nan ya fi sau goma, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba, har shekaranjiya a tasha wani ya tare ni yana yi mini barka da zama likitan fiɗa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in huta. Maganar suma kuwa, an yi ta, amma ba ni ba ne. Za mu zo wurin.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu. Shekara goma sha uku ke nan ina tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya da 'yan kasuwar garinmu Matameye suka haɗa kai suka saya, farar nan mai jiniya da ke kai mutane Damagaram idan ciwo ya fi ƙarfin nan. Babu ramin da ban sani ba daga nan zuwa Kance har cikin birni. Bara sai masu motar suka ce tuƙi kaɗai bai isa ba, dole direba ya san abin da zai yi wa mutum kafin a isa asibiti. Suka sa ni a wata 'yar makarantar lafiya da aka buɗe a garin, ni da furfurata a gemu, cikin yara sa'o'in 'yata ta fari.

Wata huɗu muka yi muna kallon allo. Malaminmu yana da ƙoƙari, amma in ya zana zuciya da alli sai ka rantse mangwaro ne. Kayan aiki kuwa, abin awon hawan jini guda ɗaya ne a makarantar, wanda muke kira tansiyo, shi ma a aljihun tebur ɗin darakta yake kwana. Ana nan sai daraktan ya ce yana da aboki a wata makaranta a Kano inda ake koyar da masu kai ɗaukin gaggawa, kuma sun yarda su karɓi mutum uku na sati biyu, su sa hannunsu a aiki. Aka zaɓi Mamman Sani, saurayi ne siriri mai tabarau, shi ke zuwa na ɗaya kullum, in ka taɓa shi sai littafi ya zubo daga bakinsa. Aka zaɓi Nana Hadiza, 'yar Icirnawa, ba ta da yawan magana, amma hannunta ba ya rawa. Na uku ni ne, don a cewar darakta, "Kai ne ka riga ka fara aikin tun ba ka koya ba." A lokacin na ɗauka yabo ne.

Ranar Lahadi da hantsi muka shiga mota a tasha. Ku da ba direbobi ba ba za ku gane ba, amma babu azabar da ta kai a sa direba a kujerar baya wani yana tuƙa shi. Yaron da ke jan motar bai san akwai wani abu wai shi burki ba. Duk lokacin da na hango rami ko jaki sai in taka ƙasa da ƙarfi. Ba mu kai Ɗan Barto, bakin iyaka, ba wata tsohuwa da ke gefena ta taɓa ni ta ce, "Malam, burkin naka fa a kan ƙafata yake." Na ba ta haƙuri, na naɗe ƙafafuna, na rufe ido na kama salati.

A ɓangarenmu na iyaka ba mu daɗe ba, jandarmomin duk sun san ni, sai tsiya suke yi mini wai ina na baro jiniyata. Da muka tsallaka Kwangwalam ne aka yi abin dariya. Takardar da darakta ya ba mu da Faransanci take. Jami'in da ya karɓa ya duba gabanta, ya juya bayanta, ya sake juyo ta. Mamman Sani ya gyara tabarau ya fara fassara masa, har da abin da ba a rubuta ba. Ana cikin haka wani ya buɗe jakar Hadiza ya ciro tansiyon nan, don darakta ya ba ta aro da gargaɗin ta kula da shi kamar jariri.

"Wannan fa?"

"Na awon jini ne," in ji ta.

"Au, abin bi-pi ne? Kin iya?"

Ta ce ta iya. Nan take ya naɗe hannun riga ya zauna a benci. Kafin ta gama da shi, mutum shida sun yi layi, har da wani mai sayar da rake da ba ruwansa da aikin iyaka. Direbanmu yana ta danna oda, babu mai kula shi. Daga ƙarshe babbansu ya fito, wani ƙaton mutum mai tumbi, da tsire a takarda a hannunsa. Hadiza ta auna shi, ta sake aunawa. Sannan ta ɗaga kai ta ce, "Ranka ya daɗe, jininka ya hau sosai. Ka rage gishiri da maiƙo, kuma kar satin nan ya wuce ba ka je asibiti ba."

Na ce a raina shi ke nan, yau a iyaka za mu kwana. Mutumin ya dubi Hadiza, ya dubi tsiren da ke hannunsa, ya daɗe yana kallonsa kamar mai ban kwana da ɗan'uwa. Sai ya miƙo mini ya ce, "Ungo, Bafaranshe, kai da alama naka jinin bai da inda zai hau." Aka buga mana hatimi muka wuce. Tsiren ya yi daɗi.

Daga nan sai Daura, inda muka yi azahar muka canja mota, sai Kazaure, sai Dambatta. Tun daga nesa za ka san ka kusa Kano, don motoci sukan fara matsowa jikin juna kamar tumaki a rijiya. Na yi shekaru ina jin kaina gwanin tuƙi, amma da na shiga a-daidaita-sahu, 'yar kurkurar nan mai ƙafa uku, na ga yadda mai ita ya ratsa tsakanin tirela da motar itace yana amsa waya, sai na gane mu a gida wasan yara muke yi. Na tambaye shi, in motar asibiti ta taho da jiniya suna ba ta hanya? Ya ce, "Sosai ma. Muna ba ta hanya, sannan mu bi bayanta a guje kafin hanyar ta rufe."

Masaukinmu a bayan makarantar yake. Hadiza aka kai ta ɓangaren mata, ni da Mamman Sani aka ba mu ɗaki ɗaya mai gado biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ya ce don girmamawa in zaɓa. Na zaɓi na ƙasa, don ban zo Kano in faɗo daga sama a koyi aiki a kaina ba. Akwai fanka a rufin, amma cikin sati biyun nan sau uku na ga tana juyi, kuma duk lokacin da aka kawo wuta sai unguwar gaba ɗaya ta ɗauki ihu kamar an ci ƙwallo.

Abinci dai ba zan yi wa Kanawa ƙarya ba, gurasarsu da ƙuli da albasa ta ci sunanta, masarsu ma haka. Inda muka ɓata da su shi ne shayi. Washegari da safe na je wurin mai shayi na ce a ba ni. Ya ɗauko wani kofi da za a iya yin alwala da shi, ya cika da madara da sukari da wani garin cakulan, ya yi ta ɗaga shi sama yana zubawa, ya haɗo ni da burodi mai laushi kamar katifa. Na ce, "Malam, shayi na ce, ba kunun mai jego ba." Ya ce ai wannan shi ne shayi. Allah ya taimake ni matata Zulai ta sako mini 'yar butata da ganyen shayi da ƙananan kofuna cikin kaya. Da la'asar na hura gawayi a bayan masauki na dafa namu na gida. 'Yan makarantar suka taru suna kallo. Wani ya kurɓi na fari, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai maganin shawara ne. Kwana uku bayan nan shi ke sayo mini gawayi.

Ranar farko a makaranta Mamman Sani ya kusa jawo mana kora. Kun san mu a lakwal, wato makarantar boko, malami "mushe" muke ce masa, daga Faransanci, ba wanda ya taɓa jin wani abu. To muna shiga sai ga mataimakin shugaban makarantar, dattijo da babbar riga. Mamman Sani ya rusuna ya ce da ƙarfi, "Ina kwana, Mushe?" Mutumin ya tsaya cak. Ya ce, "Wa ka kira mushe? Ni na yi maka kama da abin da ya mutu ba yanka?" Da ƙyar na shiga tsakani na yi bayani. Daga ƙarshe ya yi dariya har da riƙe ciki, amma har muka baro garin, in ya hango Mamman Sani sai ya ce, "Ga ɗan mushe nan." Su kuma kullum suna mana dariya wai mun lalata Hausa, don na ce wa agogo montur, na ce wa gadon ɗaukar majinyaci barankar. Wanda ya fi kowa faɗar haka, cikin maganar da ya yi mini gorin na tsinci kalmomin Ingilishi uku.

Wadda ta koyar da mu sunanta Hajiya Asabe. Gajera ce, kakkaura, ta yi shekaru masu yawa a ɗakin da ake karɓar waɗanda suka yi haɗari kafin ta koma koyarwa. Ba ta ɗaga murya sai da dalili, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna duk laifin da ka yi tun kana yaro. Ranar farko ta ce, "Wanda ya zo da littafi ya mayar jaka. A nan hannu ne ke karatu." Na ga fuskar Mamman Sani ta canja kamar an ce ya tuɓe takalmi a kan ƙaya.

Robar da kuke ta tambaya gaskiya ce. Mutum-mutumi ne daga kai zuwa cibiya, ba hannu ba ƙafa, 'yan makarantar suna kiransa Malam Haƙuri. A kansa ake koyon danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya: ka danna talatin, ka hura masa iska biyu, ka sake. In ka danna daidai sai ya yi ƙara ƙas. Hadiza ta durƙusa ta yi, ƙas, ƙas, ƙas, kamar tana daka a tsakar gidansu. Da aka zo kaina na ce bari in nuna wa yaran nan ƙarfin manya. Dannawa ta huɗu ƙirjin Malam Haƙuri ya shige ciki ya ƙi dawowa. Hajiya ta leƙo ta ce, "Malam Habu, cewa muka yi ka tashe shi, ba ka ƙarasa shi ba." Sai da aka kwance shi aka gyara. Bayan nan kuma ƙirgen ya dame ni, don in na fara da Hausa sai in tsinci kaina cikin Faransanci wajen sha biyar, in rasa inda nake. Kwana biyu na yi ina danna matashin kaina a ɗaki kafin abin ya zauna.

Yanzu ga maganar suma. Rana ta uku aka zo tsayar da jini. Hajiya ta ɗaura wa wani ɗalibi ciwon ƙarya a cinya, da wani siririn tiyo a ɓoye mai fitar da jan ruwa. Ta ce wa zai fara. Mamman Sani ya fito, ya tsaya ya jero mata ire-iren zubar jini da sunan kowace jijiya, ba tuntuɓe. Ta ce, "Madalla. To ga shi nan yana zuba, tsayar." Ta matsa abin. Jan ruwan ya yi tsartuwa ya sauka a gaban farar rigarsa. Ya dubi rigar, ya ce, "Baba Habu," sai ya sulale ƙasa. Hajiya ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya kawo mana majinyaci na gaske. Wa zai nuna mana abin da ake yi wa wanda ya suma?" Hadiza ce ta kwantar da shi ta ɗaga ƙafafunsa. Amma ku ji, kar wanda ya yi masa gori. Yaron nan kullum sai ya koma ya sa an fesa masa jan ruwan nan har ya daina ganin jiri, kuma kafin mu taho babu wanda ya kai shi iya ɗaurin ciwo.

Duk wannan wasa ne. Abin da ya sa na dawo ba yadda na tafi ba ya faru ne rana ta biyar.

Hajiya ta sa Mamman Sani ya kwanta a ƙasa, ta ce a ɗauka ya faɗo daga bisa, a ɗauke shi a sa a gado. Ta ce, "Malam Habu, kai ne tsohon hannu, nuna mana." Na ji daɗi, don a nan dai babu wanda zai koya mini. Na sa hannu ɗaya a hammatarsa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwa, na sunkuce shi kamar buhun gero, kansa yana lilo, na dire shi a gadon kafin a ƙifta ido. Na juyo ina jiran tafi.

Ranar ce kaɗai na ji ta ɗaga murya. "Haka kake ɗaukar mutane?"

Na ce, "Shekara goma sha uku, Hajiya."

Ta aika aka samo mata karan dawa. Ta lanƙwasa shi a hankali har ya tsage ta gefe ɗaya, bai rabu ba. Ta ce, "Wannan ƙashin bayan mutum ne da ya faɗo. Ya tsage, amma igiyar da ke cikinsa, wadda ke kai saƙo ƙafafu, tana nan lafiya. In aka ɗauke shi a miƙe, kai da wuya da baya ba su motsa ba, yana iya tashi ya taka. In aka naɗe shi yadda ka yi yanzu," sai ta ƙarasa karya karan, ɓas. Ta ajiye guntayen biyu a tebur.

Ni ban ƙara jin abin da aka faɗa a ajin ba. Mati nake gani.

Mati duk kun san shi, mai sayar da man fetur a kwalba a bakin tasha, a kan keken guragu. Shekara takwas da suka wuce manomi ne a wani ƙauye ta wajen Yauri ta nan kusa da mu. Ya hau gawo yana sassaɓo wa dabbobinsa ganye, reshe ya karye da shi. Ni aka kira. Na same shi a bakin titi, na sunkuce shi daidai yadda na sunkuci Mamman Sani, na taka mota a guje har Damagaram, ina alfaharin ban ɓata lokaci ba. Tun ranar bai sake takawa ba. Kuma duk shekarun nan in na tsaya a wurinsa sai ya ce wa mutane, "Ga wanda ya ceci raina."

Ranar ban ci abinci ba, ban hura gawayi ba. Bayan la'asar na koma ajin na tarar da Hajiya ita kaɗai tana goge kaya. Na faɗa mata duka. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Kafin ka ɗauke shi, yana motsa ƙafa?"

Na ce, "Ban duba ba. Ban san ana dubawa ba."

Ta ce, "To ni ma ban sani ba. Ba zan ce maka kai ne ba, ba kuma zan ce maka ba kai ba ne don ka ji sanyi. Duk wanda ya daɗe a aikin nan yana da wanda yake tunawa. Ni nawa yarinya ce, har yau na san kalar zanen da ke jikinta." Ta ci gaba da goge abin da ke hannunta. Can ta ce, "Gobe ƙarfe takwas. Kai za ka riƙe kai, kuma kai za ka riƙa riƙewa har ku tafi."

Haka aka yi. Wanda ya riƙe kai shi ne shugaba: ya durƙusa, ya tallafe kan majinyaci da hannu biyu, ba ya saki ko me zai faru, shi ke ba da umarni a juya mutum gaba ɗaya kamar gungume a zura masa katako a ƙarƙashi. Sati guda na yi a durƙushe, har gwiwoyina suka yi kanta.

Ranar jarrabawa a filin makaranta aka yi ta, da rana tsaka. Aka kwantar da babur, aka kwantar da wani ɗalibi a gefensa, sauran kuma Hajiya ta ce su zama mutanen gari. Wallahi sun iya. Wani na ihu a zuba masa ruwa, wani na jan ƙafarsa wai a miƙe jijiya, wata na kururuwa wai ɗanta ne, wani ya zaro waya yana ɗaukar hoto. Na kutsa na durƙusa na kama kan. Ashe a kan gidan cinnaku na sa gwiwa. Suka fara aikinsu. Ina ji suna hawa, ban motsa ba. Na daka wa mai jan ƙafa tsawa, na sa Hadiza ta duba numfashi ta tambaye shi ko yana jin yatsunsa, Mamman Sani ya ɗaure ciwon hannu. Ana cikin haka Hajiya ta zo ta bayana ta ce a hankali, "Malam Habu, ga butarka can an bar ta a wuta, shayin yana zuba." Na ce, "Ya ƙone, Hajiya." Muka juya shi, muka sa katako, muka ɗaure, muka ɗaga. Sai da ta ce an gama na saki, na tashi ina kakkaɓe wando ina rawar da ban taɓa yi ba ko a bikina. Mu ukun duka muka ci.

A hanyar dawowa babu abin da ya faru sai a Kwangwalam, inda babban jami'in nan ya gane mu, ya ce ya je asibiti an ɗora shi a kan magani, matarsa kuma ta hana shi duk wani abu mai daɗi a duniya, don haka bai san ko godiya zai yi wa Hadiza ko ya tsare ta ba.

Na iso gida lafiya, amma kwana uku ina zagaye tasha ta bayan kasuwa don kar in bi ta gaban Mati. Rana ta huɗu Zulai ta ce, "Malam, wannan zagayen ba zai ƙare ba sai ka je." Na ɗauki hular da na sayo masa na tafi.

Yana hango ni ya ce, "Likita ya sauka! Me aka kawo mana daga Kano?"

Na ba shi hular, na zauna a kan wani galan, na ce ina da magana. Na faɗa masa batun karan dawa, na faɗa masa yadda na ɗauke shi da yadda ya kamata a ce na yi. Ban ɓoye komai ba. Ana cikin haka wani ɗan kabu-kabu ya tsaya da babur, Mati ya sa mazurari ya juye masa kwalba ɗaya, ya jira har ɗigon ƙarshe, mutumin ya tafi. Sannan ya juyo.

Ya ce, "Habu, ka san abin da aka yi da ni kafin ka iso? Yayana ya zaunar da ni ya jijjiga ni. Wani ya ja ƙafafuna. Aka kwara mini ruwa, aka jefa ni a amalanke, jaki ya yi ta sukuwa da ni a kan kunyoyi har bakin titi. Kai ne na biyar ko na shida. In rabon laifi ake yi, sai ka bi layi."

Na fara jin sauƙi, sai ya ƙara da cewa, "Amma tun da ka faɗi gaskiya, ni ma bari in faɗa maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A kan amalanken nan ina jin kara yana sukar tafin ƙafata. A Damagaram ban ji komai ba. Tsakanin can da can, ban san inda ta tafi ba." Ya gyara zaman hular a kansa. "Na daɗe da daina neman wurin. In akwai abin yafewa, na yafe. Share fuskarka, mutane na kallo, kar a ce man nawa ne ke sa hawaye."

Can ya nuna 'yan kabu-kabun da ke jere a inuwa da haɓarsa. Ya ce, "Ka ga waɗancan? Duk haɗarin da aka yi a ƙasar nan, su ke riga farar motarka isa. Abin da ka koyo, in a kanka kaɗai ya tsaya, kullum za ka zo ka tarar an gama. Juma'a bayan la'asar ka zo nan. Ni zan tara maka su, duk wanda ya ƙi ba shi ba man bashi."

Ranar Juma'a na zo da Hadiza da Mamman Sani. Ba mu da katako, sai muka cire ƙyauren shagon mai faci, yana ta mita. Mutum goma sha wani abu suka taru, rabinsu dariya ta kawo su. Muka kwantar da ɗaya a ƙasa, na nuna musu sau biyu, sannan na ce su yi da kansu. Wani mai suna Lawali ya durƙusa ya kama kan, aka fara shirin juyawa. Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya saki kan mutumin ya kai hannu zai ciro ta.

Kafin in buɗe baki, Mati ya turo kekensa har gabansa.

"Kai, Lawali! Mayar da hannunka! So kake shi ma ya zo ya kafa tebur kusa da nawa? Mai sayar da mai ɗaya ya ishi tashar nan!"

Aka fashe da dariya, ban da Lawali. Ya dubi Mati, ya dubi ƙafafun da ke naɗe a kan keken, ya mayar da hannuwansa biyu ya tallafe kan. Wayar ta yi ta ƙara a aljihunsa har ta gaji ta yi shiru.